Matar da ta cire wa yaro tsoron zomo

A 1920, a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John Watson da Rosalie Rayner suka ajiye farin ɓera gaban wani jariri da suka kira Albert. Da ya kai hannu, sai a buga guduma kan ƙarfe a bayan kansa. Ba a daɗe ba ganin ɓeran kaɗai ya isa ya sa shi kuka. Sun nuna tsoro koyonsa ake yi, amma wallahi ba su cire masa ba, haka yaron ya tafi da abinsa.

Ni dai labarin da ya biyo baya ya fi burge ni, ga shi ba a cika faɗinsa ba. A 1924 Mary Cover Jones, ɗaliba a New York, ta ba da rahoton wani yaro, Peter, da bai cika shekara 3 ba. Tsoron zomo yake, har gashin tsuntsu da auduga. Sai ta ce: abin da aka koya ai ana iya warware shi. Tana ba shi abincin da yake so, zomon na cikin keji can nesa. Kullum a ɗan matso da kejin, daidai inda yaron zai iya ci gaba da cin abincinsa. Ta kuma kawo yara marasa tsoro suna wasa da zomon yana kallo. Daga ƙarshe har ya bar zomon yana ɗan gutsurar yatsunsa.

Ku lura, ba ta kama shi ta danna masa dabbar ba, irin yadda ake wa ƙanne da ƙadangare a gida wai don su saba. Wancan ƙara tsoro yake.

Aikinta ya kwanta sama da shekara 30. Sai a 1958 Joseph Wolpe, likita ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar da littafinsa: a koya wa mutum sassauta jikinsa, ya jera abubuwan da ke tsorata shi daga ƙarami zuwa babba, ya hau su ɗaya bayan ɗaya. Shi ne daga baya ya kira Jones uwar wannan fanni.

A 1989 Lars-Göran Öst na Suwidin ya tattara aikin cikin zama guda, awa 3 iyaka. Masu suma in sun ga jini ko allura kuwa, su ɗaure jijiyoyin jiki ake koya musu, don kada bugun jininsu ya faɗi.