Yadda Rubuce-rubucen Sakkwato Suka Shiga Jami'a ta Ƙofar Ibadan

Duk ɗalibin da ya taɓa nazarin adabin masu jihadi yakan ɗauka cewa daga Zariya ko Kano aka fara wannan fage a jami'o'inmu. Ba haka abin yake ba. A ƙasar Yarabawa aka fara shi, a ɗakin karatu na Kwalejin Jami'a ta Ibadan wadda aka buɗe a 1948, ɗakin da yau yake ɗauke da sunan Kenneth Dike.

Tun farko ɗakin bai tsaya ga littattafan koyarwa kaɗai ba. Shugabansa na farko, John Harris, ya karɓi tarin littattafan marigayi Henry Carr, daga baya kuma takardun Herbert Macaulay suka shigo. Dokar 1950 ta wajabta wa duk wanda ya buga littafi a Nijeriya ya kai kwafi biyu can, saboda haka hatta ƙananan littattafan Hausa da ake bugawa a Zariya doka ta ba su gurbi a Ibadan.

Amma abin da ya fi shafar mu shi ne aikin mataimakin Harris, wato W.E.N. Kensdale. A farkon shekarun 1950 ya shiga Arewa neman littattafan da malamai suka rubuta da hannu, ya tattara abin da ya samu, sannan ya fitar da jerin sunayensu tsakanin 1955 da 1958. Ya kuma jera wallafe-wallafen Shehu Usmanu da na Abdullahi da na Muhammadu Bello. Malaman zaure dai sun daɗe da sanin waɗannan littattafai, suna karantar da su, suna kwafarsu. Jami'a ce ba ta san su ba. A lokacin akwai Turawan da ke iƙirarin cewa Afirka ba ta da tarihi sai wanda baƙi suka rubuta mata, ga kuwa kundaye jibge a kan kanta suna ƙaryata su.

Kundi dai ba ya magana sai an buɗe shi. H.F.C. Smith, wanda ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya fara koyar da tarihi a Ibadan a 1955, kuma shi ya dage cewa a karanta tarihin jihadi daga alƙalamin waɗanda suka yi shi. Ɗalibinsa Murray Last ya tafi Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu, ya duba wasiƙun gidan waziri, ya sami digirin dakta a 1964, littafinsa a kan Daular Usmaniyya kuma ya fito a 1967. A 1963 maɗaba'ar jami'ar ta buga Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo tare da fassarar Mervyn Hiskett. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar adana rubutun Larabci, wadda ta bi hanya mafi mutunci a ganina: a aro littafi daga mai shi, a ɗauki hotonsa a ƙaramin fim, a mayar masa da abinsa. Malami bai rabu da gadon kakanninsa ba, manazarci kuma ya samu.

Sai dai akwai abin da nake ƙorafi a kai. Idon waɗannan magabata a kan Larabci yake, domin tarihin mulki suke nema. Waƙoƙin Hausa da na Fulatanci na ajami, waɗanda da su ne aka isar da wa'azi ga mata da talakawa, sun zama 'yan rakiya. Sai a 1975 littafin Hiskett a kan tarihin waƙoƙin addini na Hausa ya fito. Ɗalibinmu na yau kuwa, in bai iya karanta ajami ba, ko an buɗe masa kundin a gabansa zai koma wajen fassarar Bature ne ya kwafo.