Kafin mu yi sha'awar tsofaffin garuruwan Turkiyya, mu zaga Kafanchan

'Yan uwanmu masu zuwa Turkiyya sarin kaya sukan dawo da hotunan tsofaffin garuruwa, mu yi ta sha'awa. Amma wasu wuraren da ake zuwa kallo a can kufai ne. A 1923 Turkiyya da Girka suka yi musayar jama'a bisa addini: Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka ƙare a Girka, Musulmi wajen dubu 400 suka koma Turkiyya. Garin Kayakoy yana nan da ɗaruruwan gidaje da coci-coci, babu mai kwana a cikinsu. A tsibirin Kirit na Girka kuma, tsohon masallacin bakin teku na birnin Haniya ya zama ɗakin baje kolin zane-zane.

Mu nan gida, tarihin haɗuwa aka bar mana. Fantsuwam ne ke zaune a wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa, daga sunansu ma aka samo Kafanchan. Masarautar Jama'a kuwa a Daroro ta kafu wajen 1810, tana bin Zazzau. Abin da ya sauya komai shi ne jirgin ƙasa. A 1927 layin dogo daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna da reshen Jos a nan, sai ga Ibo da Yarbawa da Hausawa da mutanen Kagoro da Bajju da Jaba, kowa ya zo neman abinci, wani direba, wani mai zuba gawayi, wani ɗan dako, wata mai tuwo a bakin tasha. A 1933 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa Kafanchan. Wato kasuwa da tasha ne suka ja sarauta, ba sarauta ce ta ja su ba, kuma yaranmu da yawa ba su san haka ba.

Nok ma tana kusa da Kwoi, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Jamusawa sun yi shekaru suna bincike a kai, har suka baje kolinsu a Frankfurt a 2013. Mu nawa muka taɓa taka ƙauyen?

Rikicin 1987 da na 2011 sun raba unguwanninmu, har ya zama akwai layin da matashi ba ya bi bayan magariba, alhali a nan aka haifi kakansa. Tashar ma ta yi tsit, tsofaffin taragai na cin tsatsa, dattawan da suka yi aikin reluwe suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Don haka muna roƙon duk mai tsohon hoto, ko takardar fansho ta reluwe, ko dattijon da zai iya ba da labari, Musulmi ne ko Kirista, ya sanar da sakatariya. Za mu je har gida mu naɗi muryarsa da waya.