Taswirar da Muka Haddace a Hasahisa

A ajin ƙarshe na sakandare a Sudan ɗalibai sukan rabu gida biyu: ɓangaren kimiyya da ake kira ilmi, da ɓangaren adabi. Labarin ƙasa, wato jugrafiya kamar yadda muke faɗi a nan, yana cikin rabon 'yan adabi, kuma a Hasahisa ta zamanina an ɗauki mai zaɓensa a matsayin wanda lissafi ya kora. Ni ma ina cikinsu. Sai da na yi shekaru a gidan rediyo ina hira da tsofaffin ƙauyukanmu na gane cewa darasin da muka raina shi ne ya fi kusa da tarihin gidajenmu.

Abin da muka fi haddacewa domin jarrabawar Shahada Sudaniyya shi ne Shirin Noman Jazira. Turawan Ingila sun gwada noman auduga da ban-ruwa a Tayiba a 1911, aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, ruwan Shuɗin Nilu ya fara shiga babbar tur'a. Malaminmu yakan tsaya ya bayyana dalilin da ya sa aka zaɓi wannan fili: ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai ɗan gangare zuwa arewa, don haka ruwa yana tafiya da kansa ba sai an sa inji ba, ga laka mai nauyi wadda ba ta barin ruwa ya tsiyaye. Daga babbar tur'a zuwa ƙanana, daga nan zuwa Abu Ishirin, sai Abu Sitta da ke shayar da hawasha, wato gonar manomi ɗaya. A 1950 gwamnati ta karɓi shirin daga hannun kamfanin Turawa, hedikwata tana Barakat. Da aka ƙara faɗin Manaƙil, fili ya kai kimanin fadan miliyan 2.

Duk wannan mun zana shi, mun ci maki. Amma a abin da na karanta ban tuna layi ɗaya da ya faɗi hannun wa ya tsinci audugar ba. Masu hawasha sun shiga littafi har da kasonsu na kashi 40 cikin ɗari na riba. Mutanen kambo, unguwannin leburori da ke gefen tur'a, waɗanda yawancinsu daga yamma suka zo, Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Darfur, ba su da gurbi a taswirar da muka zana, alhali wasunmu daga can muke fitowa kowace safiya.

Kakanninmu kuwa sun san labarin ƙasa da tafin ƙafa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da yake ɗauke da sunansa har yau. Wasu kuma niyyar hajji ta fito da su, suka bi ta Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna tsayawa su yi ƙwadago don neman guzuri, tsayawar ta zama zama. Wata tsohuwa ta taɓa jera mini zangunan da mahaifinta ya bi, da inda ake samun rijiya da inda babu, ba ta yi tuntuɓe ba. Ni mai takardar shaida sai da na buɗe taswira kafin na bi ta.

Ba za a ce masu tsara darasin ba su taɓa tunanin mutane ba. Cibiyar horar da malamai ta Bakht ar-Ruda, wadda aka kafa a 1934 kusa da Duwaim, ta fitar wa 'yan firamare littafin Subul Kasb al-Aish fi as-Sudan, inda yara ke kai ziyara ga abokai a sassan ƙasa su ga yadda kowa ke neman abinci, har da ƙauyen Wad Sulfab na Jazira. Iyayenmu da suka yi boko suna tuna shi da daɗi. A ganina hanyar tana da kyau, sai dai ko ita ɗin ba ta leƙa kambo ba, kuma da aka hau sakandare sai hadda ta maye gurbin ziyara.

Ita kanta taswirar ba ta zauna ba. Mu an koya mana ƙasa mai faɗin murabba'in mil miliyan ɗaya, mafi girma a Afirka. Ranar 9 ga Yuli 2011 Kudu ta ɓalle, ƙannenmu suka koyi cewa Sudan ta koma ta uku, bayan Aljeriya da Kongo. Sai yaƙin 15 ga Afrilu 2023, wanda ya iso Jazira a Disambar shekarar, makarantu suka rufe. Ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawa a 2023 ba su samu ba sai ƙarshen Disambar 2024, da yawa a garuruwan gudun hijira. Wani ɗan ƙanwata ya bar Hasahisa da littafin jugrafiyarsa a cikin jakar leda, ya zauna tasa a Gadarif.