Wasiƙa da Ƙofa: Yadda Sakkwato Ta Riƙe Sarakunan Nesa

Bayan jihadin 1804 masu tuta suka watsu har Adamawa, tafiyar makonni daga Sakkwato. A zamanin Sarkin Musulmi Bello, watau 1817 zuwa 1837, sarakuna sukan zo gaisuwa da kansu, amma abin da ya riƙe su tsakanin zuwa da zuwa shi ne wasiƙa da ƙofa. Waziri Giɗaɗo shi ne ƙofar Kano da Zazzau, yana kai umurni, yana sauraron ƙara. Wannan tsari ya dogara ga yardar waɗanda ake aika wa. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa aka naɗa Tukur a Kano, Yusufawa suka ƙi, suka fita Takai, Basasa ta tashi.