Recalcitrant

Recalcitrant kalma ce ta Turanci da ake siffanta mutum, dabba ko wani abu da ita idan ya ƙi bin umarni ko ya gagari sarrafawa. Ana furta ta kamar "rikalsitirant", da ƙarfafa gaɓa ta biyu. A nahawu sifa ce, amma takan zo a matsayin suna da ma'anar mutumin da ya bijire. Kalmomin Hausa da suka fi kusa da ita su ne kangararre, gagararre da mai taurin kai. Galibi mai iko ne ke faɗin ta game da wanda ke ƙarƙashinsa, kamar malami ga ɗalibi, alƙali ga shaida, ko gwamnati ga wanda ya ƙi ba ta haɗin kai.

Asali

Tushen kalmar shi ne aikatau na Latin recalcitrare, wato yin harbi da ƙafar baya kamar yadda doki, jaki ko alfadari ke yi. An gina shi daga ɗafa-goshin re, mai nufin baya, da calcitrare, yin shuri, wanda shi kuma ya fito daga calx, diddige. Daga wannan tushe ne aka samu calcaneus, sunan ƙashin diddige a ilimin likitanci, da inculcate, cusa wa mutum ra'ayi, wanda asalinsa taka abu ne da diddige har ya shige. Latin na da wata kalmar calx daban mai nufin farar ƙasa, wadda ta haifi calcium.

Tun zamanin Rumawa ake aron kalmar ga mutane. Mawaƙin nan Horace ya yi amfani da ita inda ya kwatanta Sarki Augustus da dokin da zai harbi wanda ya shafa shi ba bisa ƙa'ida ba. Faransanci ya gaji kalmar a siffar récalcitrant, kuma a ƙarni na 19 ne sifar ta yaɗu a rubutun Turanci. Aikatau recalcitrate ya riga ta shiga Turanci tun ƙarni na 17, amma yau da wuya a ji shi. Sunan halin shi ne recalcitrance. Hausa ma tana da irin wannan aro daga dabbar hawa, inda ake cewa mutum ya yi tutsu.

Bambanci da makusantanta

Kalmomin stubborn da obstinate suna nufin wanda ya kafe a kan ra'ayinsa, ko da babu wanda ya umarce shi da komai. Defiant kuwa shi ne mai fito-na-fito a fili. Masu koyon Turanci sukan rikita recalcitrant da reluctant, alhali na biyun mai jan ƙafa ne kawai, wanda a ƙarshe yana iya yin abin ba da son ransa ba. Abin da ya keɓe recalcitrant shi ne tana ɗauke da zaton cewa akwai linzami, kuma akwai wanda ya cancanci riƙe shi. Don haka ba safai mutum ke kiran kansa da ita ba, kuma tana da zafi idan aka jefi tsara da ita.

A siyasa

A watan Nuwamba na 1993 shugaban Amurka Bill Clinton ya karɓi baƙuncin taron farko na shugabannin ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin Asiya da Pasifik, APEC, a kusa da birnin Seattle. Firaministan Malesiya Mahathir Mohamad bai halarta ba, domin ya fi son a kafa ƙungiyar ƙasashen gabashin Asiya zalla. Da 'yan jarida suka tambayi firaministan Ostireliya Paul Keating, sai ya sanya Mahathir cikin waɗanda ya kira da wannan kalma. Malesiya ta ɗauki maganar a matsayin raini, har jami'anta suka yi barazanar taɓa hulɗar ciniki da Ostireliya, kuma ƙura ba ta lafa ba sai da Keating ya nuna takaicinsa kan ɓacin ran da furucin ya jawo.

A shari'ar Amurka

Dokar tarayyar Amurka tana kiran shaidan da ya ƙi ba da shaida bayan umarnin kotu, ba tare da hujja ba, recalcitrant witness. Alƙali na iya tsare shi har sai ya yarda ya yi magana, amma tsarewar ba za ta wuce wata 18 ba. An tsare Chelsea Manning a 2019 saboda ƙin ba da shaida a binciken da ya shafi WikiLeaks, aka sake ta a watan Maris na 2020.

Hukumomin shige da fice na Amurka suna kuma laƙaba kalmar ga ƙasashen da suke zargi da ƙin karɓar 'yan ƙasarsu da aka yanke wa hukuncin kora. Doka ta ba da damar taƙaita wa irin waɗannan ƙasashe biza. An yi wa Gambiya haka a 2016, Gini, Saliyo, Eritiriya da Kambodiya a 2017, sai Ghana a farkon 2019, aka ɗage mata a watan Janairu na 2020.

A kimiyya

A kimiyya kalmar ba ta ɗauke da zargi, tana nufin abin da ya ƙi amsa hanyar da aka saba bi da shi. Likitoci suna kiran cutar da ta ƙi jin magani da ita. Wata dokar Amurka ta 2012 ta bayyana irin wannan ciwon daji da cewa shi ne wanda ƙasa da kashi 50 cikin 100 na masu fama da shi ke kai shekara biyar a raye, kamar na huhu. Masana muhalli kuma suna faɗin ta game da sinadaran da ƙwayoyin halitta ba sa iya ruɓar da su cikin sauƙi, irin su maganin ƙwari na DDT.

A fannin noma, masanin iri na Birtaniya E. H. Roberts ya raba iri gida biyu a 1973. Kashi na farko, orthodox, shi ne wanda ke jure bushewa da sanyi, kamar gero, dawa, shinkafa da wake, waɗanda ake iya adanawa shekaru da dama. Kashi na biyu, recalcitrant, yana mutuwa idan ya bushe ko ya daskare. A cikinsa akwai koko, mangwaro, roba, goro da kaɗanya. Fataken goro sun daɗe da sanin cewa goro ba ya son bushewa, shi ya sa ake naɗe shi da ɗanyen ganye a cikin huhu.

Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci wajen kare tsirrai daga ɓacewa. Rumbunan adana iri, kamar na Svalbard a ƙasar Norway da aka buɗe a 2008, suna ajiye busasshen iri a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Irin koko ko na kaɗanya ba zai rayu a haka ba, don haka ake adana su a matsayin itatuwa masu rai a gonakin bincike, ko a raya ƙwayoyinsu a ɗakin gwaje-gwaje, hanyoyin da suka fi tsada kuma suke fuskantar haɗarin gobara, fari da cututtuka.