Malamin Makaranta a Arewa: Sana'ar da Ba Ta Riƙe 'Ya'yanta

Duk lokacin da aka tayar da zancen malaman makaranta da ke ajiye alli suna kama wata sana'a, ba a rasa dattijon da zai ce a zamaninsu ba a san haka ba. Wai a da malamin makaranta shi ne na uku a gari bayan hakimi da alƙali, ga keke, ga rediyo, kowa na marmarin ya ba shi 'ya, don haka barin aji ba ya ko zuwa masa a rai. Rabin maganar gaskiya ce, domin martabar an yi ta. Amma cewa malaman da ba sa barin koyarwa, tarihin ilimin boko a Arewacin Najeriya bai goyi bayan haka ba. Tun da aka fara horar da malamai a ƙasar nan ake fita daga sana'ar, kuma mafiya hazaƙa ne ke fara fita. Abin da ya sauya shi ne dalilin fitar, da inda ake zuwa, da kuma irin wanda ke maye gurbin.

A dubi tushen abin. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1921 Kwalejin Katsina ta fara aiki, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, kuma an kafa ta ne takanas don ta horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. To ina ɗalibanta suka ƙare? Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Shekara uku ke nan a aji. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina, aikin talifi ya ja shi Zariya, a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Abubakar Tafawa Balewa ya fi su jimawa, har ya zama hedimastan Midil ta Bauchi, amma a 1952 minista ne a Ikko. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a kwalejin bayan an mayar da ita Kaduna a 1938, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948 don kare mutuncin sana'ar, amma a 1950 ya ajiye aikinsa a kwalejin horon malamai ta Maru ya shiga NEPU gaba ɗaya. Shehu Shagari ma daga aji ya tafi majalisar wakilai a 1954. Da gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauki manufar cika ma'aikatunta da 'yan Arewa, a ina za ta samo masu ilimin idan ba a makarantu ba? Sai ta riƙa kwasar malamai tana mayar da su jami'an mulki da sakatarori.

Duk da wannan kwasa makarantun ba su durƙushe ba, kuma dalilan suna da muhimmanci. Makarantun kaɗan ne, ƙofar shiga horon malanta kuwa ƙunci gare ta, sai yaron da ya yi fice a lardinsa. Horon kyauta ne, da abinci da wurin kwana. Albashin da ke fitowa daga baitulmalin En'e ba shi da yawa, amma malami ya san wanda ke biyansa, ya kuma san ranar da za a biya. Sannan fitar sama ake yi da ita: yaron da ya ga malaminsa ya zama minista ba zai raina alli ba. Sai dai a nan ne masu begen jiya ke kuskure. Babban ɓangaren waccan martaba daga ƙarancin masu ilimin boko ta samo asali, lokacin da malami na cikin mutum biyu ko uku da za su iya karanta takardar Turanci a duk gunduma. Wannan ƙaranci ya wuce, kuma babu mai hankalin da zai so ya dawo. Martabar malamin yau dole a gina ta a kan wani abu dabam.

Shekarar da al'amura suka juya ita ce 1976. A watan Satumba gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, wanda Janar Gowon ya yi shelarsa tun 1974. An yi tsammanin yara kamar miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan uku suka bayyana. Aka buɗe kwalejojin horon malamai cikin gaggawa, aka gajarta kwasa-kwasai, aka ɗauki waɗanda ba su da horo ko kaɗan, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta riƙa horar da su suna bakin aiki. Shirin ya kai boko ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon makaranta ba, wannan alheri ne da ba za a manta ba. Amma ƙofar da a da take da ƙunci ta buɗe wagege. A shekarar 1976 ɗin dai aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi, kuma daga nan malamin firamare ya zama kamar maraya a gidan yawa, yau a ɗakin wannan, gobe a ɗakin wancan. Da farko tarayya ce ke biya da kuɗin mai. Tsarin mulkin 1979 ya tura nauyin ga jihohi da ƙananan hukumomi, farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, malamai suka fara kwana watanni ba albashi. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, tarayya ta ɗauki kaso mafi tsoka na albashi, biya ya daidaita. A 1991 aka rushe ta aka miƙa komai ga ƙananan hukumomi, bashi ya dawo, har aka sake kafa ta a 1993. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma don gine-gine da kayan aiki da horo. Albashi ya ci gaba da bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kowa ke iya ɗora wa ɗan'uwansa laifin jinkiri.

Wannan tarihi ne ya haifi fitar da muke gani yanzu. Mai takardar NCE yana karɓar aikin koyarwa ne kafin a buɗe ɗaukar ma'aikatan kwastan ko na shige da fice. Wanda bai samu ba sai ya fita yana ciki: sunansa na cikin rajista, rabin yininsa na kan babur ɗin acaɓa ko a shagon kasuwa, kuma wannan fita ta fi ta farko illa don ba ta bayyana a lissafin kowa. A ƙofar shiga ma alamar ta fito fili, tunda a 2025 maki 100 cikin 400 na jarrabawar JAMB ya isa neman gurbi a kwalejin ilimi. A Arewa maso Gabas kuwa har da tsoron rai: a 2017 asusun UNICEF ya ce malamai 2,295 aka kashe a rikicin Boko Haram, kimanin 19,000 suka bar gidajensu.

Wani zai ce matsalar ba fitar malamai ba ce, zaman waɗanda ba su cancanta ba ne, ya kawo misalin Kaduna a 2017, inda gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar darasin 'yan aji huɗu, 21,780 suka gaza kai makin da aka sa, aka sallame su. Ba na jayayya cewa wanda bai iya darasin ɗan aji huɗu ba bai kamata ya tsaya gaban yara ba. Amma su wa suka ɗauke su aiki? Kuma me zai zaunar da sabon da aka ɗauka idan ya tarar da sharuɗɗan da suka kori nagari tun farko? Kora tana share aji, ba ta cika shi. Wani kuma zai ce a dawo da kwalejojin horon malamai na Gireti Tu da aka rufe bayan an mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Akwai hikima a nan, domin waɗancan kwalejoji suna kama yaro da wuri su koya masa riƙon aji da hannu. Sai dai malaman da suka kwana watanni ba albashi a shekarun 1980 su ne 'yan Gireti Tu ɗin, kuma horonsu bai hana su gudu ba. Masu cewa babu kuɗi kuwa, su tuna tsakanin 1988 da 1991 ƙasar na cikin ƙuncin shirin SAP, amma albashin malaman firamare ya fi zuwa a kan kari fiye da wasu shekarun wadata. Hanyar da kuɗin ke bi ce ta gyaru a lokacin.

A ranar 5 ga Oktoban 2020 Shugaba Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai da ƙarin shekarun aiki. Na biyun ya zama doka a 2022: ritaya a shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Wannan ya riƙe dattijon da dama ba shi da niyyar tafiya, bai ce komai ga ɗan shekara 28 da ke cika takardar neman wani aiki ba. A 2025 malaman firamare na Abuja, a hancin gwamnatin tarayya, sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi tun 2024, kuma rigimar dai ita ce ta wa zai biya. Ga hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, wanda zai iya maimaita abin da ya faru a 1991 idan ba a yi hattara ba. Don haka majalisun jihohinmu su yi doka a cire albashin malaman firamare tun daga tushe, hukuma ɗaya ta biya a rana ɗaya, kuma a buɗe matakan ƙarin girma a cikin aji, ta yadda malamar da ta ƙware wajen koya wa 'yan aji ɗaya karatu za ta kai albashin darakta ba sai an ɗauke ta an kai ofis ba.