Aya da Waƙafi: Daga Allon Tsangaya Zuwa Takardar Jarrabawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Oshodi kafin Gwamnatin Jihar Legas ta share wurin a watan Janairun 2009, ya san yadda magana take iya gudu ba tare da numfashi ba. Yaron mota yana maƙale a ƙofa yana jero sunayen unguwanni, Agege a manne da Ikeja, Ikeja a manne da Mushin, amma fasinja ba ya ruɗewa, domin kunne ya san inda suna ya ƙare da inda wani ya fara. Da yawa daga cikin ɗalibanmu ta wannan tasha suka bi, daga Zangon Agege zuwa makarantunsu, kuma da yawansu darasin Ingilishi ne ya tsare su shekara ɗaya ko biyu kafin su shigo jami'a. Idan muka duba rubutunsu na Ingilishi, kuskure ɗaya ne yake yawan dawowa: jimla biyu ko uku cikakku a jere, ba aya a tsakaninsu, ko kuma an raba su da waƙafi kawai. Malamai kan ja jan biro su rubuta cewa yaron ba ya tunani a tsare. Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba, kuma tarihin alamomin rubutu ne hujjarmu.

Da farko dai, ba a haifi rubutu da aya ba. Girkawa da Rumawan dauri sukan jera haruffa ba ko tazara tsakanin kalmomi, sai mai karatu ya ɗaga murya ya gano gaɓoɓin da kansa. Wani mai kula da ɗakin littattafai na Iskandariyya, Aristofanis mutumin Bizantiya, shi ne ya tsara ɗige-ɗige uku wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, don nuna gajeren numfashi da matsakaici da dogo. Tazara tsakanin kalmomi kuwa sai a ƙarni na 7 da na 8 ta kafu a hannun masu kwafar littattafai na ƙasar Ailan. Siffar waƙafi da waƙafi mai ruwa da muke gani yau ta fito ne daga maɗaba'ar Aldus Manutiyus a birnin Banis cikin shekarun 1490. Har a 1795, lokacin da Lindley Murray ya fitar da littafinsa na nahawun Ingilishi wanda ya mamaye makarantu, ana koyar da alamomin ne da ma'aunin numfashi: waƙafi mai ruwa ninkin waƙafi ne, ruwa biyu ninkin wannan, aya kuma ninkin ruwa biyu. Wato su kansu Turawa sun daɗe suna sa alama don kunne, kafin a hankali su mayar da ita dokar ginin jimla. Dokar da ake kayar da yaranmu da ita a yau ƙarama ce a shekaru idan aka gwada ta da harshen da take mulka.

Mu kuma ta wata ƙofa muka shigo. Sunayen da muke kiran alamomin nan da su sun isa shaida. Aya da waƙafi duka kalmomin makarantar allo ne. Almajiri ya san aya tun kafin ya san boko: ɗige uku masu kama da murhu da alaramma yake zanawa a ƙarshen kowace aya, da kumsa a kan ta biyar, da kuri a kan ta goma. Waƙafi kuwa ilmi ne mai zaman kansa a karatun Alƙur'ani, inda ake sanin wurin da ya halatta a tsaya da wurin da tsayawa za ta ɓata ma'ana. Malaman gabas suna bin tsarin Sajawandi na ƙarni na 12, na Magrib kuma, waɗanda muke tarayya da su a ruwayar Warshu, sun shahara da tsarin Habɗi, malamin Fas da ya rasu a 1524. Saboda haka gardin da ya yi shekara goma a tsangaya ya fi yawancin ɗaliban jami'a sanin cewa tsayawa a inda bai dace ba tana juya zance.

Sai dai wannan kulawa ba ta sauko kan rubutun yau da kullum ba. Waƙar ajami ba ta buƙace ta, domin baiti da amsa-amo sun riga sun yanka ta. Wasiƙa kuwa, ta Larabci ko ta ajami, gudana take yi daga gaisuwa zuwa ƙarshe, kalmomi ne suke aikin alama: “bayan haka” ya buɗe zance, “kuma” da “sa'an nan” su ɗauke shi gaba, “haza wasalam” ya rufe. Wannan ba gazawar Hausawa ba ce. Larabcin zube ma haka ya zauna har Ahmad Zaki Basha na Masar ya wallafa littafinsa kan alamomin rubutu a 1912.

A nan ne Legas ta shigo cikin labarin. Hausawa sun daɗe a Ikko. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa da su, shekara biyu bayan Ingila ta karɓe garin. Amma abin da ya cika Agege da mutanenmu jirgin ƙasa ne da goro. Dogo ya tashi daga Legas ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, manoman yankin Agege da Ota kuma suka dasa goro irin wanda Arewa take so. Fataucin goro sana'a ce ta labari. Kaya ne mai saurin lalacewa, farashinsa yana hawa da sauka, mai gida a Zango kuma dole ya san abin da ake ciki a Kano ko Sakkwato kafin ya ɗaure huhu. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari na masu gida da dillalai a littafinsa na 1969 kan Sabon Ibadan. To, tsakanin 'yan kasuwa da junansu ajami ya wadatar, ba aya ba waƙafi, kuma ba a taɓa jin an yi asarar huhu ɗaya don rashinsu ba. Amma ofishin jirgi da kotu da gidan waya Ingilishi suke ji. Sai aka samu masu rubuta wasiƙa a bakin ofisoshi, mai gida yana faɗa da Hausa, wani yana juyawa, akawu yana bugawa. Zancen da aka faɗa da baki a numfashi ɗaya haka yake sauka a takarda. Muna ganin nan ne doguwar jimlar Bahaushe ta fara sa rigar Ingilishi, tun kafin jikokin masu gidan su zauna a aji.

A ɓangaren boko kuwa, baƙi ne suka fara sa wa Hausa aya. J. F. Schön, wanda ya hau Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841, ya rubuta abin da ya ji daga bakin Dorugu, ya fitar da Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya juya tatsuniyoyi da labarai daga ajami zuwa boko, aka buga su a kundi uku tsakanin 1911 da 1913. Duk ayar da ke cikin waɗannan littattafai hukuncin mai juyawa ce, ba ta mai labari ba. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912, amma hankalinsa yana kan haruffa da rabon kalmomi. Sai da gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta zo a ƙarƙashin Rupert East a Zariya, aka kuma kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sannan zuben Hausa ya sami nasa numfashin a takarda. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce ya ga abin da Abubakar Imam ya yi: ayyuka a jere, waƙafi a tsakaninsu, sai an kai ƙarshen motsi a sa aya. Hukumar Hausa ta 1955 da tarurrukan Bamako a 1966 da Yamai a 1980 sun taɓa haruffa da haɗa kalmomi da raba su, amma ba wanda ya ce wannan jeri kuskure ne. Ba kuskure ba ne ɗin. Ƙashin bayan labari ne a Hausa.

Dalilin yana cikin nahawu, kuma a nan ya kamata mu ɗan daɗe. A Hausa aikatau ba ya fita shi kaɗai, dole zaginsa ya riga shi. Muna cewa, “Audu ya tashi, ya ɗauki jakarsa, ya hau mota a Agege, ya sauka a Oshodi.” Ga “ya” har huɗu, amma kowane Bahaushe ya san jimla ɗaya ce, domin wannan “ya” ba sabon aikau ba ne, alama ce ta mutum da lokaci da take ɗaure ayyukan wuri guda kamar igiyar huhu. Idan da jimloli huɗu ne masu cin gashin kansu a jam'i, da mun ji “sun”, amma a cikin labari “suka” muke ji, wadda ita kanta tana gaya wa mai sauraro cewa zance bai yanke ba. To, ɗalibi ya zo rubuta Ingilishi, sai ya ɗauki kowane “ya” ya ba shi wakilin suna na Ingilishi. A can kuwa wakilin suna cikakken aikau ne. Da zarar ya tsaya gaban aikatau an sami ganga tsayayye, wanda zai iya zama jimla shi kaɗai. Abin da yake jimla ɗaya lafiyayya a Hausa ya koma jimloli huɗu da aka liƙa da waƙafi. Yaron bai rasa tsarin tunani ba, tsarin wani harshe ya bi, kuma ya bi shi daidai.

Haka nan kalmar “sai”. Ita kaɗai tana ɗauke da biyo baya da sakamako da mamaki, kuma tana haɗa ganga da ganga ba tare da neman izini ba. Ɗalibi yakan musanya ta da kalmomin Ingilishi masu ma'anar “daga nan” ko “duk da haka” ko “saboda haka”, yana zaton mahaɗai ne. A nahawun Ingilishi kuwa ba mahaɗai ba ne, bayanau ne, ba su da ƙarfin ɗaure jimla biyu, don haka waƙafin da ke gabansu ba ya wadatarwa.

Abin da wannan yake jawowa ba ƙarami ba ne. A tsarin gyaran insha'i na hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, an ware maki 10 cikin 50 don tsabtar rubutu, ana kuma cire rabin maki a kan kowane kuskure. Yaron da yake da labari mai daɗi da kalmomi masu kyau yana iya rasa goman nan duka kafin ya kai rabin shafi na biyu, ga kuma abin da zai rasa a ɓangaren iya bayani. Wanda bai sami kiredit a Ingilishi ba kuwa, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da Hausa ya zo karantawa. Mun sha zama da irin waɗannan yara bayan sun shigo a karo na biyu ko na uku, kuma abin da yake ba mu takaici shi ne babu wanda ya taɓa gaya musu daga ina kuskuren yake zuwa. An dai ce musu su riƙa gajarta jimla. Wannan shawara rabin gaskiya ce. Jimla tana iya kai layi goma ta zauna daidai, wata kuma kalma shida ce amma a karye take. Charles Dickens ya buɗe labarinsa na birane biyu a 1859 da jerin ganguna da waƙafi kawai ya raba, James Joyce kuma ya rufe Ulysses a 1922 da shafuka masu yawa kusan ba alama; amma su sun san dokar da suke takawa, kuma ba mai duba jarrabawa a kansu.

Hanyar da muka ga tana aiki a aji daga tsangaya muka aro ta. Mukan sa ɗalibi ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, kamar mai biya allo, ya sa ɗigo da fensir a duk inda muryarsa ta sauka. Daga nan ya bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: abin da ke bayan nan yana da aikau da aikatau nasa, zai iya tsayawa shi kaɗai? Abin da ke gaba fa? Idan duka biyun sun tsaya, waƙafi ba zai riƙe su ba. Ko dai a sa aya, ko waƙafi mai ruwa idan ma'anarsu ta kusa, ko a kawo mahaɗi na gaskiya, ko a mayar da ɗaya ganga dogarau da kalma irin “da” ko “saboda” ta Ingilishi. Amma gyaran da ya fi dacewa da Bahaushe shi ne na biyar, wanda littattafan da aka rubuta don yaran Ingila ba su cika ambata ba, domin su ba su da matsalar: a bar aikau na farko, a share sauran wakilan sunan, a sa mahaɗi kafin aiki na ƙarshe. Audu ya tsaya sau ɗaya a farkon jimla, ayyukansa huɗu su biyo shi. Jerin Imam ke nan ya dawo, cikin ƙa'idar Ingilishi.

Akwai kuma kishiyar cutar, wadda muka fara gani a rubutun Hausa na ɗaliban da suka sha jan biro. Tsoron doguwar jimla ya sa suna datse labarin Hausa da aya bayan kowane aiki: “Ya tashi. Ya ɗauki jaka. Ya fita.” Wani ɗalibinmu ɗan Agege, wanda kakansa dillalin goro ne, ya kawo mana gajeren labari a haka don wannan mujalla. Muka ce ya karanta mana da baki. Da ya fara, sai ya tsallake ayoyin nan duka bai sani ba, ya zuba labarin a numfashi uku kamar yadda ake yi a zaure. Muka miƙa masa fensir, muka ce ya mayar da waƙafan inda bakinsa ya sa su.